Bekta Ko Bitmaf: Wa Zai Ɗauki Nauyin Hoto A Wayar Manomin Citta?

Duk abin da ido ya gani a fuskar waya ɗigo ne. Harafi ɗigo ne, alamar baturi da ke can sama ɗigo ce, hoton jaririyar da aka turo daga Kafanchan ranar suna shi ma ɗigo ne, an dai jera su daf da daf har ido ya kasa rarrabewa. Da yawa daga wayoyin Tecno da Itel masu sauƙin kuɗi, irin waɗanda ake gani a hannun 'yan acaɓa da masu shago daga Jere har Kubacha, fuskarsu na ɗauke da ɗigo wajen 720 a faɗi da 1,600 a tsawo. Ɗigo sama da miliyan ɗaya ke nan, kuma kowanne sai an gaya masa launin da zai nuna. Har nan babu gardama tsakanin masu haɗa manhaja. Inda suka raba gari shi ne, a ina za a mayar da zane ya koma ɗigo, kuma yaushe? A kwamfutar wanda ya haɗa manhajar tun kafin ta bar hannunsa, ko kuwa a cikin wayar mai amfani da ita, lokacin da ya buɗe?

Hoto yana shiga manhaja ta ɗayan siga biyu. Ta farko ita ce bitmaf, jadawali ne da aka rubuta launin kowane ɗigo a cikinsa, daga kusurwar sama har ƙasa. PNG da JPEG da WebP duk 'yan gida ɗaya ne, dabarar matse jadawalin ce kawai ta raba su. Ta biyu ita ce bekta, wadda ba ta ajiye ɗigo ko ɗaya, umarni take ajiyewa: fara daga nan, ja layi zuwa can, lanƙwasa, rufe, cika ciki da kore. Wanda ya saka bekta a manhajarsa ya yi wa matafiyi guzurin gari ne, kayan babu nauyi, amma duk inda ya sauka sai ya hura wuta ya tuƙa. Wanda ya saka bitmaf kuwa tuƙaƙƙen tuwo ya naɗe masa, buɗewa kawai zai yi ya ci, amma kafaɗa za ta gaya masa a hanya.

Wani zai ce wannan ai zancen mutanen Legas ne, me ya haɗa shi da Kagarko? Citta ce ta haɗa su. A daminar 2023 cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, kuma Kachia da Jaba da Kagarko na cikin inda ta yi wa mummunar ɓarna. Ganye ya yi rawaya, citta ta ruɓe a ƙasa, waɗanda suka ci bashi suka sayi iri suka tashi a tutar babu. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da kusan naira biliyan 12. Duk wanda ya ga gonakin nan a waccan shekara ya san darajar a ce manomi zai iya ɗaukar hoton ganyen da ya fara canza launi, ya tura wa malamin gona tun kafin cutar ta ƙetara kunya ta gaba. Malaman kuwa ba su yi nisa ba, tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan take. Matasanmu da ke koyon haɗa manhaja, a CoLab da ke Kaduna ne ko a shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ba za su rasa irin wannan tunani ba. To, mu ƙaddara ɗayansu ya zauna zai haɗa ta. Zai bukaci ƙananan alamomi na latsawa, da hotunan ganye mai lafiya da mai cuta, da taswirar gonaki, da rasit na ciniki. A kowane ɗaya daga cikin huɗun nan gardamar za ta tare shi.

Masu goyon bayan bekta da kuɗi suke buɗe baki. Wayoyin Android ba su zo da fuska iri ɗaya ba, shi ya sa Google ya kasa su aji-aji bisa yawan ɗigon da ke cikin inci guda: 160, 240, 320, 480 da 640. Alamar da girmanta ya kai 48 a ma'aunin Android takan ci ɗigo 48 a kowane gefe a ajin farko, 72 a na biyu, sai 96, sai 144, sai 192 a na ƙarshe. A da, dole mai haɗa manhaja ya yanka kowace alama sau biyar ya zuba a jaka biyar. Manhaja mai alama 100 sai ta zo da fayil 500, alhali kowace waya 100 kawai za ta taɓa. Sauran 400 ɗin mai wayar ya biya kuɗin datarsu, ya ba su masauki a memorinsa, kuma har wayar ta mutu ba zai sa su a ido ba. Da Android 5.0 ya fito a ƙarshen 2014 ɗauke da VectorDrawable, fayil guda mai 'yan layukan rubutu ya maye gurbin biyar ɗin, sannan a watan Fabrairun 2016 aka fitar da kayan tallafin da ya sa tsofaffin wayoyi ma suka iya karanta shi.

Sukan ƙara da cewa girman manhaja ba abin rainawa ba ne. A 2017 wani ma'aikacin Google Play, Sam Tolomei, ya wallafa binciken da ya nuna duk megabayit 6 da aka ƙara wa manhaja yakan rage kashi 1 cikin 100 na masu sauke ta daga cikin waɗanda suka leƙa. Facebook da kansa sai da ya fitar da Facebook Lite a 2015, wanda bai kai megabayit ɗaya ba a lokacin, saboda ya gane akwai duniya guda da babbar manhajarsa ba ta shiga. Mu nan cikin waccan duniyar muke. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Manomin da ke sayen data ta kwana ɗaya, wanda sai ya fita bakin titi ko ya hau tudu yake samun sabis, in ya ga saukarwa ta tsaya a rabi sau biyu, ba zai gwada na uku ba. Wanda ya samu ta sauka kuma, ranar da wayar ta ce memori ya cika, manhajar da ta fi girma ita zai fara gogewa.

Hujjarsu ta biyu kyan gani ce. Dattijon da idonsa ya fara rauni yakan kai wa ɗansa waya ya ce a ƙara masa girman abin da ke fuska. Bekta in an buɗa ta sai ta sake zana kanta tas, bitmaf kuwa in an ja shi fiye da girmansa sai ya yi dishi-dishi, gefensa ya yi haƙora. Haka in ana son alama ta zama kore da rana, fara in an juya fuska baƙa da dare, a bekta canza launi ne kawai.

Masu goyon bayan bitmaf ba su ƙaryata lissafin nan ba. Abin da suke cewa shi ne, ka rage wa mutum kuɗin data, ka ɗora wa wayarsa aiki, kuma wayar tasa ba ta da ƙarfin da kake zato. Duk bektar da ke cikin manhaja sai wayar ta karanta umarninta, ta lissafa kowace lanƙwasa, ta fitar da ɗigon da kanta. A babbar waya wannan ƙiftawar ido ne. A wayar Android Go, tsarin da Google ya fito da shi a 2017 don wayoyi masu ram na gigabayit ɗaya ko ƙasa da haka, shafi mai zane da yawa yakan ɗan tsaya kafin ya buɗe, kuma mai wayar ba zai ce bekta ce ba, cewa zai yi manhajar nan tana daskarar masa da waya. Google da kansa ya yarda cewa zanen farko na bekta ya fi cin ƙarfin waya, shi ya sa ya ba da shawarar kada ta wuce 200 a faɗi da 200 a tsawo a ma'auninsa.

Akwai kuma wani abu da masu yabon bekta kan tsallake. Da zarar wayar ta zana ta, sai ta ajiye sakamakon a matsayin bitmaf don kada ta maimaita wahala. Ke nan sauƙin bekta a hanya yake da kuma a memori, inda fayil ke kwance. A cikin ram, inda ake shimfiɗa hoto a nuna shi, ita da bitmaf mai girmanta kusan wuri ɗaya suke ci. Sannan ba kowane zane ne ke da sauƙi a bekta ba. Alamar kamara lanƙwasa kaɗan ce. Amma ka sa mai zane ya zana maka mata suna fere citta a inuwa, da zanen atamfarsu da hasken da ke ratsa ganye, sai umarnin ya kai dubbai, fayil ɗin ya fi hoton da aka matse nauyi, ga shi kuma ya fi wuyar buɗewa. An yi asara ta fuska biyu.

Matsalar jaka biyar kuwa, a cewar masu bitmaf, tsohon labari ne. Tun 2018 Google ya kawo Android App Bundle, daga watan Agustan 2021 kuma ya wajabta shi a kan duk sabuwar manhajar da za a ɗora a Google Play. Da shi, kantin ne ke duba wayarka ya turo maka hotunan ajinta kaɗai. Ga kuma WebP, wanda Google ya fitar a 2010, kuma bisa awonsa ya fi PNG ƙanƙanta da kusan kashi 26 cikin 100 ba tare da an rasa ko ɗigo ɗaya ba. In an haɗa biyun nan, tazarar da ke tsakanin bekta da bitmaf ta ragu ƙwarai. Hujja guda ce ta kuɓuce musu, ta tsofaffin wayoyin da ba su san bekta ba, domin tun watan Agustan 2023 Google ya daina sabunta hidimomin Play ga Android 4.4, waɗanda suka rage kuwa duk sun san ta.

Hujjar App Bundle tana da ƙarfi, amma a garin da kowa ke sauke manhaja daga Google Play. A nan ba haka abin yake ba, kuma a ganina wannan shi ne abin da ya kamata ɗan Kagarko ya sani wanda ba zai samu a darussan intanet ba. Ka tsaya a shagon mai caji ko mai gyaran waya ranar kasuwa, ba za ka daɗe ba za ka ji wani ya ce, maigida, tura mini wannan abin da ka saka wa yayana. A buɗe Xender, waya ta ga waya, a tura, babu ko sisin data. Ta haka manhaja ke yawo daga hannu zuwa hannu har ta kai rugar da ba ta taɓa ganin sabis mai ƙarfi ba. To, manhajar da Google Play ya turo gunduwa-gunduwa take zuwa: uwa daban, hotunan ajin fuska daban, harshe daban. In uwar kaɗai aka tura wa wani, da ya buɗe sai ta nemi hoton da babu shi, ta rufe kanta nan take. Wanda ke son manhajarsa ta yi irin wannan yawo, ko ya jefa ta a zauren WhatsApp na ƙungiyar manoma, dole ya haɗa ta a dunƙule, fayil guda da zai yi aiki a kowace waya. Da ya yi haka kuwa jaka biyar sun dawo. Bekta ba ta da wannan matsala, a cikin uwar take zaune, duk inda uwar ta je tana tare da ita.

Saboda haka, a kan ƙananan alamomi ina tare da masu bekta ba tare da jan ƙafa ba. Aikin da waya za ta yi wajen zana alama ashirin ko talatin bai taka kara ya karya ba, ko a Itel mafi araha. A kan babban zane mai ado kuwa masu bitmaf ne da gaskiya, a mayar da shi WebP tun a kwamfuta, ko ma a tambayi kai ko manomin na bukatar zanen.

Sai dai abin da ke damuna da wannan gardama shi ne, ɓangarorin biyu kan ƙare ƙarfinsu a kan alamomi, alhali abin da ke kashe manhaja a ƙaramar waya yana wani wuri. Alama mafi girma a cikin waɗanda na lissafa, mai ɗigo 192 a kowane gefe, ba ta kai kilobayit 150 a ram ba. Yanzu ɗauki hoton ganyen da manomi ya ɗauka da kamara mai megafiksil 12, wato ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsawo. A memori fayil ɗin JPEG ne a matse, 'yan megabayit kaɗan. Amma waya ba ta iya nuna shi a matse, sai ta warware shi, kuma a tsarin da Android ya saba bi kowane ɗigo bayit 4 yake ci, ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi, ɗaya na yadda ake hango abin da ke bayansa. Ɗigo miliyan 12 sau 4, megabayit 48 ke nan, a hoto guda. In manhajar ta jero hotuna biyar a shafi ɗaya ta warware su yadda suke, ta nemi megabayit 240 a wayar da ram ɗinta duka gigabayit ɗaya ne ko biyu, kuma Android da WhatsApp sun riga sun ci rabonsu. Manhajar za ta mutu a hannun mutumin, daidai lokacin da yake tsaye a gona yana son ya nuna abin da ya gani. Abin takaicin kuma, fuskar da za ta nuna hoton ɗigo 720 kawai gare ta a faɗi, sauran duk wahalar banza ce.

Maganin kuwa tsoho ne. Ana iya tambayar fayil girmansa ba tare da an warware shi ba, sannan a ce a warware shi a rage kowane gefe zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Hoton sai ya koma 1,000 da 750, megabayit 3 maimakon 48, kuma ido ba zai ga bambanci a wannan fuska ba. Ɗakunan kayan aiki irin su Glide da Coil suna yin wannan da kansu, kyauta. Wanda ya bar su ya ce zai warware hoto da hannunsa bai yi wa kowa gwaninta ba.

Akwai wani tarko ƙarami da ke kama kusan kowane sabon shiga, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Yaro ya samu hoto mai kyau na gonar citta, ɗigo 1,080 da 1,920, yana so ya zama shi ne ke fara bayyana in an buɗe manhaja. Sai ya jefa shi a jakar hotuna ta gama-gari, wadda ba a rubuta mata aji ba. Android yakan ɗauki duk bitmaf da ke wannan jaka a matsayin na ajin 160, don haka a wayar ajin 320 sai ya ninka kowane gefe sau biyu kafin ya nuna. Hoton ya zama 2,160 da 3,840, sama da megabayit 33 a ram, tun mai wayar bai latsa komai ba. A kwamfutar yaron komai lafiya lau. Sai manhajar ta isa hannun kawunsa a ƙauye ta ƙi buɗewa, shi kuma ya ɗora laifin a kan wayar.

Duk da haka, akwai wuraren da ko mai tsananin son bekta dole ya sunkuya ya mayar da ita bitmaf a cikin waya. Taswira ce ta farko. Alamar da ake kafawa a kan taswirar Google don nuna inda gona take bitmaf take karɓa, in ka miƙa mata bekta kai tsaye ba za ta karɓa ba. Aikin mayarwar kansa gajere ne: ka buɗe bitmaf fanko mai girman da kake so, ka shimfiɗa allon zane a kansa, ka gaya wa bektar iyakarta, ka ce ta zana kanta. Wanda ya manta faɗin iyaka zai samu hoto fanko. Wanda ya tambayi launi zalla girmansa zai samu amsar da ta gaza sifili, domin launi ba shi da faɗi, manhajar kuma ta faɗi. Yanzu ma an taƙaita aikin zuwa layi ɗaya a harshen Kotlin, kuma sauƙin nan ne ke jawo wata ɓarnar, sai ka ga an mayar da alama ɗaya sau 200 saboda gonaki 200 ne a taswira, alhali sau ɗaya ya isa, a ajiye a riƙa ɗaukowa.

Na biyu rasit ne. Tun ƙarancin takardar naira a farkon 2023, dillalin citta ya saba biya ta waya ya tura shaida ta WhatsApp, kuma WhatsApp hoto ya sani, bai san shafin manhajarka ba. Dole a zana shafin a kan bitmaf, a matse, a tura. A nan ma akwai ramin da ake faɗawa. JPEG bai san fili marar launi ba, duk inda aka bari wayam sai ya fito baƙi ƙirin. In rubutun ma baƙi ne, mai saye zai buɗe saƙo ya ga duhu, ya kira ya ce, Alhaji, ban ga komai ba. A fara shafe allon da fari kafin a zana, kuma ga rubutu PNG ya fi fitar da gefen harafi tsaf.

Na uku shi ne wanda ya fi taɓa ni, domin harshenmu ya shafa. Na'urorin POS da suka cika tashoshi da bakin kasuwa, da yawansu wayoyin Android ne da aka maƙala wa ƙaramin injin buga takarda. Injin mai takardar milimita 58 yakan buga ɗigo 384 a layi, kuma ɗigo ko baƙi ne ko babu, ba shi da tsaka-tsaki. Haruffan da aka gina a cikinsa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ka tura masa Ɗanladi a matsayin rubutu, sai ya fito da alamar tambaya ko wani harafin da ba ka san shi ba a farkon sunan. Hanyar da ta rage ita ce a sa wayar ta zana layin da kanta a kan bitmaf mai faɗin 384, a mayar da shi baƙi da fari, a tura wa injin a matsayin hoto. Zai ɗan fi jinkiri, amma sunan mutum zai fito yadda iyayensa suka raɗa masa. Wanda ke son buga ajami ma hanyar ke nan.

To, daga nan wasu suka zarce suka ce ai gara duk rubutun Hausa da ke cikin manhaja a mayar da shi hoto, a huta da fargabar harafi ya koma akwati a wata waya. Na fahimci inda tsoron ya samo asali, duk wanda ya riƙe waya shekaru goma sha biyar da suka wuce ya ga akwatunan nan. Amma ban yarda da su ba ko kaɗan. Wayoyin yanzu suna nuna haruffanmu masu lanƙwasa, wanda kuma bai natsu ba yana iya saka salon haruffa na Noto a cikin manhajarsa. Rubutun da aka mayar hoto ba ya girma in dattijo ya ƙara girman haruffa. Ba a iya kwafar lambar asusu daga cikinsa, sai an kalla an rubuta da hannu, kuma a nan ake tura kuɗi ga wanda ba shi ba. Ba a iya neman kalma a ciki. TalkBack, mai karanta wa masu lalurar gani abin da ke fuska, ba ya ganin komai a hoto sai abin da aka rubuta masa a gefe. Jimlar da ba ta wuce bayit ɗari ko biyu ba kuma ta koma dubbai.

Ko rasit ɗin da na ce dole a mayar hoto, kada a ba shi matsayin da ba nasa ba. Bitmaf ɗigo ne, kuma kowane ɗigo ana iya canza shi, yaro mai waya zai iya mayar da 50,000 ta zama 500,000 kafin shayi ya huce. 'Yan kasuwa sun riga sun koyi wannan da tsada, shi ya sa ba sa sakin buhu sai sun ga kuɗi a asusunsu. Mai haɗa manhaja ya taimaka musu, ya tura lambar cinikin a rubuce tare da hoton, wadda za a iya kwafa a bincika.

Saura hoton ganye, wanda shi ne dalilin manhajar tun farko, kuma a kansa gardamar ba ta da sauƙin yankewa. Mai kula da data zai ce a rage shi sosai kafin a tura, don ya wuce ko da sanda ɗaya ta sabis. Malamin gona kuwa zai ce in kun rage kun kashe mini aiki, abin da nake nema ɗan tabo ne a gefen ganye, da launin da ke zagaye da shi, da yadda tushen ya jiƙe, in kuka matse duk za su narke su zama kore ɗaya. Dukansu suna da gaskiya, kuma ba na ganin a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Hoton da za a nuna a fuska a rage shi. Na asali a bar shi a memori kada a taɓa. Wanda za a tura kuwa a yanko shi maimakon a ƙanƙance shi duka: manomi ya zagaye wurin da ya dame shi da yatsa, manhajar ta warware wannan yankin kaɗai da cikakken ɗigonsa, abin da Android ya daɗe da iyawa ba tare da ya buɗe sauran hoton ba. Yanki mai ɗigo 1,000 a kowane gefe megabayit 4 ne a ram, in an matse shi kuma 'yan ɗaruruwan kilobayit ne a hanya. A haɗa masa da ƙaramin hoton shukar gaba ɗaya don malamin ya san ko ganyen sama ne ko na ƙasa. In ya duba ya ce bai gamsu ba, cikakken hoton na nan a ajiye, sai a tura masa ranar da aka shigo Kagarko ko Jere, inda sabis ke da ƙarfi.